Ranar Biko na Huɗu

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a zauren yayana a Ajingi, lokacin roron gyaɗa. Mu shida ne: yayana, limamin unguwarsu, wan mijin 'yarsa da wani dattijo da ya rako shi daga Kademi, wata malamar asibiti, sai ni. 'Yar tana ɗakin mahaifiyarta. Biko aka zo yi, karo na huɗu, kuma abin da za a yanke shi ne ko za ta bi su ta koma a ranar.

Na yi shekaru ina gabatar da shirin mata a rediyo a Kano kafin in ajiye aiki in dawo Gaya. Dukan mata a gidan aure yana cikin abubuwan da muka fi tattaunawa. Na zauna da likitoci da lauyoyi da malaman addini, har da masu nazarin zamantakewa daga jami'a. Amma kowa da makonsa. Likita ya yi bayanin rauni ya tafi, mako mai zuwa lauya ya zo ya yi na shari'a. Ban taɓa haɗa su a ɗaki ɗaya ba, ban kuma ga giɓin da ke nan ba sai da abin ya shigo gidanmu.

Ita ce 'yar fari a wurin yayana, shi kuwa mutum ne mai tsananin alkunya. Duk lokacin da ta yi yaji ba ya tambayarta abin da ya faru, don a ganinsa tambayar ma goyon bayan ɗa ne a kan surukai. Masu biko su ce saɓani ne irin na zaman aure, shi kuma ya ba su haƙuri ya ce su tafi da ita. Sau uku ana haka cikin shekara biyu. Ni ma ban tambaya ba. Daga nesa nake jin labari, in ce Allah ya daidaita.

A karo na huɗu gidana ta fara sauka, da goyonta. Na lura idan na yi mata magana sai ta juyo da kunnen dama. Na tambaye ta yadda na saba tambayar baƙi a shiri: yaushe, a ina, da me, wa ya gani. Ta amsa duka, ba kuka. Daga nan ta ciro katin asibiti daga ƙasan jakarta.

Washegari muka je wurin malamar asibitin da ta saba duba ta. Da izinin 'yar tawa ta gaya mini cewa kowane zuwa yarinyar takan ce faɗuwa ta yi a bakin rijiya, ita kuma takan rubuta abin da idonta ya gani: kumburin fuska, shaidar yatsu a wuya, na ƙarshe kuma fashewar dodon kunne. Wata lauya da muka saba tun zamanin shirin ta ce mini ta waya a adana katin, a kuma sani cewa kotu tana iya raba aure idan cutarwa ta tabbata. Ta ƙara da cewa kada in yanke wa 'yar tawa hukunci, ita za ta zaɓa. Daga nan na kai 'yar tawa gidansu a Ajingi. Matar yayana ba ta riƙe kwanan wata, amma ta tuna kowane yaji: ɗaya makon shuka, ɗaya bayan ƙaramar salla, ɗaya ranar da aka yi sunan ɗan maƙwabta. Na jera su gefen ranakun da ke kan katin. Duka ukun sun dace. Liman kuwa, da na kai masa, ya ce shi duk zaman da aka yi kalmar saɓani kaɗai ya ji.

Ranar bikon, kafin baƙi su iso, na sami yayana a tsakar gida. Na ce, "Yaya, ba sai ka ce komai ba. Ni gwaggonta ce, ba ni da alkunyarta. Ka bar mini maganar." Sai ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ciki ta zauren.

Da wan mijin ya gan ni ya yi dariya. Ya ce, "A'a, Hajiya, yau kuma labaran duniya za a karanta mana?"

Na ce, "Na gida ne, Alhaji, kuma gajeru."

Dattijon ya fara da yadda aka saba, cewa zama tare ba ya rasa saɓani. Na bar shi ya gama. Sannan na faɗi ranakun huɗu a jere, malamar asibiti ta faɗi abin da ta gani a kowacce, ba ƙari ba ragi. Wan mijin ya ce ai ita da bakinta ta ce faɗuwa ta yi. Malamar ta ce haka ta ce, amma rijiya ba ta da yatsu biyar. Liman ya ce wannan sunansa cutarwa, addini bai halatta shi ba, kuma shi ba zai ƙara sa baki a mayar da ita ba sai an ji daga gare ta.

Aka kira ta. Ta tsaya a bayana, ta gaida kowa, muryarta a ƙasa amma kowace kalma tana fita. Liman ya tambaye ta me take so.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba na son komawa. Ina tsoron na gaba."

Duk wannan lokacin yayana yana kallon tabarma. Wan mijin ya juya wurinsa, ya ce shi ne uba, shi suka zo wa, ba mata ba. Na san abin da ya saba faɗa a irin wannan gaɓa, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara magana ba. Yayana ya ɗaga kai. Sannan ya ce, "Kun ji ta. Ni ma yau na ji. Tana nan."

Na gabatar da shirye-shirye masu yawa da aka yaba, amma babu wanda nake tunawa da shi kamar wannan zama na ƙasa da awa guda. Na yi alfahari da malamar da ta rubuta gaskiya tun ba wanda ya nema, da 'yata da ta faɗi nata da bakinta, da yayana da ya fifita ta a kan kunyarsa a gaban surukai.

Baƙin suka kama hanyar Kademi kafin magariba. Bayan wata uku kotu ta raba auren. Kunnenta na hagu bai dawo daidai ba. Tana zaune a Ajingi da 'ya'yanta biyu, tana matsar man gyaɗa tana kaiwa kasuwa duk mako.