Darasin Bakin Ƙofa

Tsoron ya kama Mama Alisabatu ne lokacin da ta ga ƙofar ƙarfen tana lanƙwasawa ciki, alhali ba wanda ya buɗe ta.

Tana tsaye a tsallaken titi, gindin wata bishiyar dalbejiya, da kular zoɓo a gabanta. Ranar Asabar ce cikin Maris na 2014, zafin Minna ya sauko tun hantsi bai ɗaga ba. Wata hukumar gwamnati ce ta kira masu neman aiki jarrabawa a filin wata makaranta, aka ce kowa ya zo da farar riga da gajeren wando da kambas. Daga bakin ƙofar har inda ido ya tsaya, fari ne fat. Na baya suna turo na gaba, su ma ana turo su, kowa ya ɗaga takardunsa sama don kada gumi ya jiƙa su. Iyayen da ke gefen titi suna ta tambayar juna ko su wa ke can gaba. Ita ba ta tambaya ba. Ta san waɗanda ke wurin, domin ita ta tura su.

Alisabatu 'yar manoman doya ce daga Chanchaga. Ta yi makarantar horon malamai, ta auri Irimiya ma'aikacin jirgin ƙasa, suka kama ɗaki a Barkin Sale. A 1999 ya rasu, ya bar ta da yara uku da takardar shaidar malanta da ta daɗe a ƙasan akwati. Ta ɗauko takardar ta kai wata makaranta mai zaman kanta a hanyar Bosso, hedimasta ya ce babu gurbi. Washegari ta dawo. Ta riƙa dawowa kullum, tana rigan maigadi isa, ta tsaya jikin ƙofa da wankakken zanenta tana gaishe da duk mai shiga, har 'yan makaranta suka fara ce mata malama ba su san ba ta aiki a wurin ba. Ranar da haihuwa ta kama wata malama ba zato, hedimasta ya leƙo waje, ita ya gani. A makarantar ta koyar har ƙarfinta ya fara ja baya.

Ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin sa'a ba. Ta gaskata Ubangiji ne ya buɗe mata, kuma ya buɗe ne don ya same ta a tsaye. Da ta bar koyarwa, ta lura da yadda coci ya cika da samari da 'yan mata da suka gama jami'a, suka gama bautar ƙasa, suka dawo suka kwanta a ɗakin iyayensu. Ta roƙi fasto ya ba ta ɗakin makarantar Lahadi kowace Alhamis da la'asar. Nan masu digiri suke zama a kan bencunan yara, gwiwoyinsu kusa da haɓa, ita kuwa tana zagayawa da dogon rula a hannu kamar da. Tana koya musu guga da dutsen gawayi in babu wuta, da kallon mutum cikin ido in ana gaisawa, da barin barcin rana, da cewa “na gode” ko an kore ka. Ana buɗewa da addu'a da waƙa guda. Ana rufewa da tambaya.

“Ina za a same ku?”

“A bakin ƙofa!”

“Gaba ko baya?”

“Gaba, Mama!”

Akwai Wisdom a cikinsu, wanda ya karanta aikin injiniya amma yake sayar da katin waya ƙarƙashin lema a bakin titi. Bakinsa ba ya hutawa.

“Mama, ni fa duk ƙofofin garin nan sun san ni,” in ji shi wata rana. “Jiya wani maigadi cewa ya yi in riƙe masa wurin ya je salla.”

“Ka riƙe?”

“Na riƙe mana.”

“To ka ga ka fara aiki ke nan. Saura albashi.”

Aka kwashe da dariya, har da Patricia, wadda a lokacin ba a saba jin dariyarta ba.

Patricia 'yar Lailatu ce, mai suyar ƙosai a bakin layinsu. Ta fita da sakamako mai kyau a fannin lissafin kuɗi, ta nemi aiki har ta gaji, sai ta shiga ɗaki ta ja labule. Ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, ta daina kitso, abinci ma sai an yi da gaske. Uwarta ta kai kuka wurin Mama. Mama ba ta yi mata wa'azi ba. Kowace safiya sai ta biyo ta lungun, ta ƙwanƙwasa tagar da rula, ta ce, “Patricia, gari ya waye, tashi.” Haka ta yi ta yi har ranar da labulen ya motsa. Daga nan babu wanda ya kai yarinyar bin maganar Mama. Ita ke fara zuwa aji, ita ke share shi.

Alhamis ɗin da ta gabaci jarrabawar, Patricia ta ɗaga hannu.

“Mama, an ce mutane za su yi yawa sosai. Ko mu tsaya daga gefe, in an buɗe sai mu shiga?”

“Gefe? Wa kika taɓa ji an ɗauka aiki daga gefe?” Mama ta buga rula a benci. “Ku riga kowa. Ina so in zo in ga hannunku a jikin ƙarfen nan.”

Ta zo, ta kuma gani. Kafin jama'a su cika wurin, ta hango Patricia ta dafa ƙofar da hannu ɗaya tana ɗaga mata ɗayan.

Yanzu ga ƙofar tana lanƙwasawa. Can sai aka buɗe 'yar ƙaramar ƙofar da ke jikinta, wadda mutum ɗaya ke bi, dubban mutane suka nufe ta gaba ɗaya. Mama ta ga kawunan da ke gaba suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Ta bar kular ta tsallaka titi da gudun da ta manta tana da shi, ta kama rigar wani saurayi tana ja. “Ku koma baya! Don Allah ku koma baya!” Shi kansa bai ji ta ba. Ta nemi wurin kutsawa babu. Ta juyo za ta fita, waɗanda suka iso bayanta sun rufe hanya. Ta tsaya matse tsakanin bayan mutane, ba ta ganin komai sai farin yadi jiƙe da gumi, tana kiran sunan Yesu da sunan Patricia a haɗe.

Da wurin ya lafa, ƙasa cike take da kambas warin ƙafa da takardu da aka tattake. Wisdom ne ya fito da Patricia a kafaɗa. Shi bai samu gaba ba, domin kambas ɗin da ya aro sun matse shi, ya tsaya neman wasu har ya makara. Wani mai keke napep, Ndagi, ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke su zuwa asibiti. Tana numfashi, amma ko an kira ta ba ta motsi.

Lailatu ta iso da zanen suya a jikinta, ƙullu ya bushe a hannunta. Mama ta miƙe daga benci ta shirya wa zagi, har ma tana fatan a zage ta. Lailatu ta leƙa ɗakin da aka kwantar da 'yarta ta fito, ta riƙe hannunta biyu.

“Mama, maganarki take ji. Ni na fi shekara ina ce mata ta tashi, ba ta tashi ba sai da kika zo. Ke kika ce ta tsaya gaba, ta tsaya. To shiga ki ce mata ta tashi.”

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gaske take, wannan ne ya fi yi wa Mama ciwo. Ta shiga. An sa wa yarinyar robar iska a hanci, gefen fuskarta ya kumbura, shatin ƙarfen ƙofar yana kwance a kumatunta. Mama ta sunkuya. Muryar da take cika aji da ita ta ƙi fitowa.

“Patricia, 'yata. Mama ce.”

“Ba haka kike faɗa ba,” in ji Lailatu daga bayanta. “Faɗa yadda kika saba.”

Mama ta ƙara sunkuyawa. “Patricia, gari ya waye. Tashi.”

Suka zuba wa yarinyar ido. Nas ta zo ta ce su ba da wuri.

Da yamma likita ya ce abin a kai yake, sai an kai ta babban asibiti wajen Abuja. Mutum ɗaya motar asibitin za ta ɗauka tare da ita. Lailatu ta shiga, ta leƙo ta taga ta ce, “Kar ki kashe wayarki. Ki ci gaba da addu'a, Mama, taki ta fi tawa ƙarfi.”

Ran Lahadi Mama ta zauna a bencin ƙarshe na coci. Bayan an tashi matan Zumunta suka kewaye ta, kowace da tata ta'aziyyar. Ki jure, Mama. Kar ki karaya. Ubangiji ba ya barin nasa a hanya. Duk kalamanta ne, ita ta koya wa 'ya'yansu, 'ya'yan suka kai gida, ga shi an dawo mata da su. Ta amsa da amin. Ba ta daina gaskata su ba, kuma ba ta iya jin su ba tare da ta ga ƙofar nan ba. A gida in ta durƙusa, sunan yarinyar kaɗai ke fitowa. Wayar tana cikin ƙullin zanenta ko banɗaki za ta.

Da Alhamis ta zo, ta so ta ƙi fita. Sai ta tuna akwai waɗanda in ba su gan ta ba za su koma ɗaki su ja labule, kuma ta san abin da ɗakin nan yake yi wa mutum. Ta tafi tana fatan ta tarar da wurin wayam. Sun cika shi. Wata da bandeji a gwiwa, wani yana ɗingishi. Ba wanda ya share ajin. Aka yi addu'a, aka yi waƙar a hankali, aka zuba mata ido.

Wisdom ya miƙe. Babu wasa a fuskarsa.

“Mama, an kira ni intabiyu ran Litinin, wani kamfanin ruwan leda a hanyar Bida. An ce mu da yawa ne. In je da wuri?”

Ta buɗe baki. In ta ce ya je da wuri, ta san inda ta tura Patricia, wadda ta yi mata irin wannan tambayar. In ta ce ya dakata, to me ta tara su tana koya musu duk shekarun nan, kuma me za su ci?

“Mu ƙara yi wa Patricia addu'a,” ta ce.

“Mun yi, Mama. Za mu ƙara. Amma tambaya nake.”

Wayar ta yi ƙara a ƙugunta. Duk ajin ya miƙe tsaye. Ta kasa kwance ƙullin zanen, sai da wata yarinya ta taimaka mata. Lailatu ce. Mama ta saurara, idonta a ƙasa, tana cewa to, to, Allah ya sa. Da ta sauke wayar ta zauna a kan bencin yara.

“An ɗauki hoton kan,” ta ce musu. “Har yanzu ba ta farka ba. Likita ya ce sai kumburin ya sauka za a san ko za ta farka. Uwarta za ta kira in an ga wani canji.”