Wuyan Rigar Atiku

Ranar wata Juma'a bayan an gama yankan shinkafa, shekarar da nake aji biyar na firamare, Atiku ya karya mini haƙori a fadamar Argungu. Da la'asar ne, mu yara mun yi da'ira a kan fakon da aka gama bugun shinkafa, ƙaiƙayi ko'ina, kowa ya tuɓe riga sai gajeren wando. Atiku ɗan kawuna Manu ne, wato taubashina, ya girme ni da watanni kaɗan amma ƙirjinsa ya yi biyun nawa, don shi tun yana ƙarami yake tuƙa kwalekwale da ɗaukar buhun albasa, ni kuwa abin da na fi ɗauka shi ne jakar makaranta. Muna haɗuwa na kai hannu zan kama shi, hannun ya zame a kan zufarsa kamar na kama tarwaɗa. Kafin in sake kai wani ya sunkuya, ya cafki cinyata, ya ɗaga ni sama har na hango rufin gidajen unguwa, sannan ya maka ni da fuska a kan fakon nan mai tauri. Na ji ƙas a cikin kaina. Da na ɗago, bakina cike yake da jini da ƙasa, rabin haƙorina na gaba yana kwance cikin ƙaiƙayi, yara suna ta ihu suna tsalle.

Abin da ya fi haƙorin ciwo shi ne yadda Atiku ya miƙo mini hannu yana dariya, ya tashe ni, ya kakkaɓe mini baya. Haka kokawar can take. Da zarar hannunka ko gwiwarka ko bayanka ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, wanda ya yi kaye ya sake ka, kowa ya kama gabansa. Ba a bin mutum ƙasa. Shi a wurinsa wasa ne ya wuce, har da daddare ya kawo mini gasasshen kifi yana tambayata ko in ba shi ya tauna mini. Da na kai ƙara wurin innata, cewa ta yi, "Taubashinka na, ai haƙƙinai na ya taɓa ka." Kowa ya yi dariya ban da ni. Tun ina ɗan shekara shida duk hutun da aka kai mu Argungu sai Atiku ya kayar da ni, a gaban maza, a gaban 'yan mata masu tallan fura, kuma ban taɓa rama ko sau ɗaya ba. A motar da ta mayar da mu Birnin Kebbi na rantse a zuciyata sai na ga bayan Atiku a ƙasa, ko da shi ne abu na ƙarshe da zan yi a duniya.

Babana ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune a rukunin gidajen Gesse, inda yara ba su san komai ba sai ƙwallo da keke. Na dame shi da naci har ya gaji, ya ce akwai wurare biyu da ya sani, zai kai ni in gani in zaɓa. Na farko a Ambursa yake, wurin wani tsohon ɗan kokawa da ake kira Baba Nomau, wanda kunnuwansa duk sun murɗe saboda gwagwarmayar fage. Fagensa rairayi ne a gindin wata tsamiya, samari tsirara sai wando suna ta gurnani suna ture juna. Tsohon ya lallatsa damtsena yadda ake latsa rago a kasuwa, ya girgiza kai, ya ce, "Wanga sai ya ci tuwo shekara ukku, ya yi noma, kannan mu yi magana." Don ya nuna mini gaskiyarsa ya haɗa ni da wani yaro da bai kai kafaɗata ba. Sau uku yaron yana shimfiɗe ni, kuma duk sau ukun abu ɗaya ne: in kai hannu, in rasa abin kamawa.

Wuri na biyu wani zaure ne mai rufin kwano kusa da filin ƙwallo a cikin gari, inda wani tsohon ɗan sanda da kowa ke kira Koci yake koyar da judo. Ƙasa an shimfiɗa tsofaffin katifu masu warin zufa, kowa sanye da farar riga mai kauri kamar buhu, an ɗaure ta da ɗamara. Muna shiga na ga wani siririn yaro ya kama wuyan rigar wani ƙato da hannu ɗaya, ya kama hannun rigar da ɗayan, ya juya ƙugu, sai ga ƙaton a sama, sai tim a ƙasa har ƙura ta tashi daga katifa. Ban ga komai a wurin ba sai rigar nan, don ita ce abin da nake nema shekara da shekaru, abin da hannu zai kama bai zame ba. Babana ya fi son Ambursa, a kan babur muna komawa yake ta mita wai wace irin kokawa ce sai an yi mata ado. Ni dai na riga na zaɓa. Sati na zagayowa ya samo mini rigar a wurin 'yan gwanjo, ta yi mini yawa har sai da innata ta naɗe hannuwan ta ɗinke.

Wanda ya ce judo wasan 'yan gayu ne bai shiga zauren Koci ba. Wata biyu ba a koya mini komai ba sai faɗuwa, a ɗaga ni a buga, in tashi a sake bugawa, har kafaɗuna suka yi baƙi. Fatar yatsuna ta ɗaye saboda riƙon riga, farcena biyu suka cire, wuyana kullum da shatin ja kamar an ja mini igiya. Da asuba in share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in tafi makaranta, da yamma in ruga zaure a ci gaba da jibgata. A nan na gane cewa wannan kokawar ba ta ƙarewa don an faɗi. A ƙasa ma ake cin wuya, a danne ka, a murɗe maka hannu, ko a shaƙe ka da wuyan rigarka. Ranar da Koci ya fara nuna mana shaƙa, a kaina ya gwada. Ya zura hannu biyu cikin wuyan rigata, ya gicciye su, ya ja a hankali. Ba zafi na ji ba, kunnuwana ne suka fara ƙara, duhu ya taso daga gefen idanuna yana matsowa tsakiya. Na bubbuga cinyarsa sau biyu yadda ya koya mana, nan take ya saki. Dokar ke nan da yake nanata mana kullum: "In ka ji wuya, ka bubbuga sau biyu. In an bubbuga maka, ka saki." Ya kuma ce shaƙa a zaure take kwana, ba a fita da ita waje. Na riƙe ta farko da ta biyu, ta ukun na bar masa kayarsa.

Ranar Asabar Koci yakan sa a tuɓe riguna a yi kokawa haka nan, wai ba kullum abokin karawa ke zuwa da riga ba. Na tsani Asabar. Duk abin da na iya sai ya gudu, in koma yaron nan na fadama mai lalube a jikin mutane. Sai na ƙirƙiro ƙarya cewa muna da hadda a Islamiyya, na daina zuwa. Shekara biyu ina haka, a zaure ana yaba ni, a Argungu kuwa duk hutu Atiku ya tuɓe riga ya nana ni da ƙasa kamar ban taɓa koyon komai ba, har ya laƙaba mini suna "mai farin buhu". Daga ƙarshe na gane lissafin. Ba zan taɓa cin Atiku tsirara ba, sai dai in same shi da riga a jiki, kuma rana ɗaya ce a mako yake sa riga mai ƙwari.

Hutun ƙarshen shekarata ta farko a sakandare ne. Mun sauko daga masallacin Juma'a, Atiku sanye da sabon kaftani na shuɗiyar shadda, Kawu Manu da maƙwabta suna zaune a kan tabarma a ƙofar gida ana dama fura. Atiku ya dube ni ya ce, "Mai farin buhu, yau ba a zo da buhun ba?" Na kaɓe masa hula ta faɗi cikin rairayi. Manya suka yi dariya, wasan taubasai ne, wa zai hana? Ya ce in bari ya tuɓe kada rigar ta lalace, ya kai hannu ga maɓalli. Ban bari ba. Na yi tsalle na cusa hannuwana biyu cikin wuyan kaftanin, na gicciye su har yatsuna suka kai bayan wuyansa. Shi kuwa ya yi abin da ya saba, ya rungumi ƙuguna, ya ɗaga ni, ya buga bayana da ƙasa har numfashina ya ɗauke. Aka yi shewa. A wurin kowa an gama, Atiku ya sake yin kaye. Ya saki ƙuguna, ya dafa ƙasa zai tashi, yana dariya.

Ni kuwa a wurina yanzu aka fara. Na naɗe ƙafafuna a bayansa, na jawo shi kan ƙirjina, na ja wuyan rigar da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Dariyar ta tsaya a maƙogwaronsa. Fuskarsa tana dab da tawa, na ga jijiyoyin goshinsa sun tashi, idanunsa sun firfito sun yi ja. Ya yakushi fuskata, farcensa ya tsaga mini kunci, ya kai mini naushi a haƙarƙari, ya ja kunnena har na ji ya tsage, duk ban saki ba. Daɗi nake ji, wannan ba zan ɓoye ba, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Jira kawai nake ya bubbuga sau biyu in sake shi, in tashi in ce na ci. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa Atiku bai taɓa jin labarin wata bubbugawa ba, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai ƙofar fita. Manya kuma sun ɗauka rungumar wasa ce, don daga inda suke ba sa ganin hannuwana. Sai naushin ya yi sanyi. Hannunsa ya zame daga fuskata, kansa ya faɗo a kafaɗata da nauyi, na ji wani ɗumi yana bin cinyata. Fitsari ne. Har a lokacin ina riƙe, ina jira.

Kawu Manu ne ya fara ganewa. Ya yi salati da ƙarfi, ya yi fatali da ƙwaryar fura, ya faɗo kanmu. Ya yi ta dukan hannuwana ban saki ba, don yatsun sun ƙage, sai da ya banƙare su ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ya karye na ji ƙarar. Aka janye Atiku, leɓɓansa sun yi toka, kansa yana lilo. Mata suka fito da kururuwa, uwarsa ta zube a kansa tana kiran sunansa, wani ya kwara masa ruwan randa, wani yana danna masa ƙirji. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya ja wani numfashi mai gurnani, ya yi tari, ya amayar da abin da ke cikinsa. Sannan Kawu ya juyo kaina. Marin farko ya jefa ni jikin bango, na biyu ya fasa mini leɓe, ina kare kai ina kuka ina cewa ai bai bubbuga ba, da ya bubbuga da na saki. Kawu ya tsaya yana haki, ya ce, "Ya bubbuga mi? An kada ka, kokawa ta ƙare, ya sake ka. Kai kashe shi kaka so ka yi?"

Washegari aka sa ni a mota da hannu a ɗaure. Babana da kansa ya kai ni gaban Koci ya faɗa masa komai. Koci bai dake ni ba, ya karɓi rigar da ɗamarar, ya ce kada in sake taka masa zaure. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar a hutu na gaba. Atiku ya warke sarai, sai dai mako biyu ya yi yana magana da dasasshiyar murya, kuma yaran unguwa sun daɗe suna yi masa waƙar fitsari har ya daina zuwa fage. Da na iso ya gaishe ni, ya tambayi mutanen Birni, ya wuce. Ba zolaya, ba sunan banza, ba ya ko zama tabarma ɗaya da ni. Na ba shi haƙuri ya ce ba komai, da irin muryar da ake yi wa baƙo.

Yanzu fakon nan an yi gidaje a kansa, yaran Argungu sun fi kallon kokawa a waya fiye da yin ta, zauren Koci kuma ya zama wurin ajiye buhunan taki. Ni da Atiku duk mun yi furfura a gemu. Muna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, yana kirana Malam Bello, ni da a da ba ya kirana sai da abin da zai sa mutane dariya. Taubasan wasu suna tsufa suna zagin juna suna ƙwace wa juna hula, ina kallonsu ina jin kishi. Da Sallar da ta wuce na kai iyalina gida, ina zaune a ƙofar Kawu na ga ɗana da ɗan Atiku sun kama juna a cikin rairayi suna ƙyalƙyala dariya, kowa da sabuwar rigarsa. Raina ya yi fari, na ce ko a kansu abin zai gyaru. Sai na ji muryar Atiku daga bayana, a hankali, yana kiran ɗansa: "Taho nan. Bar shi." Yaron ya saki, ya tafi yana waiwaye. Ni na koya wa Atiku wannan tsoron.