Tangaran ɗin Jirgin Yaƙi

Ƙanin mijina tela ne a unguwarmu ta Jurf, amma in ka zauna da shi sai ka rantse a teku aka yanke masa cibiya. Shekara biyu kacal ya yi yana wanke-wanke a wani jirgin ruwa mai ɗauko alhazai daga Bur Sudan zuwa Jidda, ya shekara ashirin yana cika mana kunne.

Wai wani attajirin Bature ne ya sa aka ƙera jirgin don shan iska kawai, shi da matarsa da karnukansu. Da babban yaƙi ya tashi gwamnatinsu ta karɓe, aka shafe farin fentin da ruwan toka, aka kafa igwa a dandalin da suke rawa, aka tura shi farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Bayan yaƙi aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har ya koma jigilar talakawa da awaki. A nan gwanin namu ya shiga. Amma in yana ba da labarin yaƙin, "muka harba" yake cewa.

Shekarar da aka yi masa ɗa namiji ya gayyato malamai da ɗaliban jami'a walimar suna, ni aka ba girki. Ana gobe suna ya shigo da wani abu naɗe a bargo. Ya ce daga ɗakin attajirin ya fito, babban hafsan yaƙi ma a ciki ya sha romo, kuma a ciki za a kai wa malamai miyata.

Ya buɗe. Farin tangaran ne mai faɗin baki, da murfi, da mariƙi guda, an zagaye shi da ruwan zinariya.

Ban yi karatu ba, amma kafin mu ƙetaro teku na yi aikatau a gidan Turawa a Bur Sudan, kuma irinsa nake jawowa daga ƙarƙashin gado kowace safiya in kai bayan gida. Na faɗa masa haka, ban rage ba.

Ya ce hassada ce, mace mai dama fura me ta sani a harkar jirgi. Ya ce ko da gaskiya ne, ai ya wanku.

Na ce, "Alhaji, mutanen nan da alwala za su zo, bakinsu da Alƙur'ani. In miyata ta shiga tukunyar fitsarin Bature, a bakin ƙofa zan tsaya in gaya wa kowa kafin ya cire takalmi."

"Yaya, ki rufa mini asiri. Na riga na yi musu alkawarin za su gani."

"Su gani mana. Ci ne ba za su yi ba."

Ya kai ƙara wurin wansa. Mijina ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya mayar, ya tafi ya wanke hannu.

A tsofaffin kwanonina aka kai miya, malamai suka cinye har suka nemi ƙari. Ina jiyo gwanin namu daga madafa ya fara, "Wato lokacin da muka harba," sai wani ɗalibi ya tambayi ina kwanon hafsan da aka ce. Ya yi tari, ya ce yana wurin gyara.

Daga baya matarsa ta zuba ƙasa a cikin tangaran ɗin ta shuka na'ana'ar shayi. Ta yi kyau ƙwarai, ganye shar. Ni dai har suka tashi daga unguwar ban sha shayi a gidan ba.