Inda Hajiya Ta Tsaya

Jama'a, yau matata ta kama ni da ƙarya, wata takwas bayan rasuwarta.

Kun san ni, aji uku na yi na gudu. Hajiya kuwa malamar makaranta ce. Kullum bayan la'asar sai ta buɗe littafi a kwamfutar falo ta karanta mini, ni kuma in yi minsharin ƙarya don ta ƙyale ni.

Kwanan nan kwamfutar ta fara nauyi. Yau na ɗora ta a keke Napep zuwa unguwar Shango, shagon Rifkatu mai gyaran kwamfuta.

Ta ce, "Baba, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa. A sa sabuwa ko a bar ta?"

Na ce a sa sabuwa, me na sani?

Ta ce littattafan za su koma, amma alamomin da Hajiya ta yi a ciki ba za su bi ba. Ta buɗe manhajar karatun ta duba kafin ta goge.

Sai ga littafi ya buɗe daidai inda aka tsaya. Rifkatu ta karanta abin da Hajiya ta rubuta a gefen shafin:

"Nan Alhaji ya fara barcin ƙarya. Yana ji. Gobe mu ci gaba."

Na ce kada ta taɓa komai, a bar tsohuwar da nauyinta.

Tana naɗe waya ta ce, "Baba, saura shafi tara fa. In karanta maka?"