Maman Tagwai da Kitson Ɗakin Kifi

Kafin jiniyar masaƙa ta kira ma'aikatan safe, Maman Tagwai ta riga ta share gindin mangwaron ƙofar gidanta a Kakuri, ta dasa 'yar kujerarta, ta shimfiɗa buhun da mata ke zama a kai. Kayan aikin ba su da yawa: matsefin da ya zubar da haƙora uku, kibiyar tsaga, gwangwanin man kaɗanya da ƙullin baƙin zare. Sunanta na baftisma Rifkatu, amma in ka nemi Rifkatu a unguwar za a nuna maka mata huɗu, babu ita a ciki. Shekara talatin da ɗaya tana kitso a gindin bishiyar nan. Bana, 1989, ta ajiye kibiya saboda yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa ya dace a faɗi abin da ta yi tun tana iya ji da kunnenta ta ƙaryata rabinsa.

Ba mace ce mai lallashi ba. In kika motsa, bayan matsefi zai gaisa da ƙeyarki, ko da kuwa ke matar fasto ce. Kuma ba a zaɓen kitso a wurinta. Mace ta zauna tana cewa shuku take so, sai Maman Tagwai ta dafa kan ta yi tambayarta guda ɗaya da kowa ya haddace: "Me za ki ɗora a kansa?" Mai aikin masaƙa da ke sa hular aiki, kitsonta daban, a kwance, jela a naɗe, don kada inji ya fizga. Nas mai 'yar farar hula, nata daban. Mai tallan doya da ke ɗora gammo, a bar mata tsakiyar kai fili. A ganinta, duk kitson da bai san abin da zai zauna a kansa ba, ado ne na kwana uku.

Sau ɗaya tak tambayar nan ta tsaya mata a wuya, a daminar 1982. Dorcas, 'yar Samuel mai aiki a sashen rini na masaƙa, ta samu gurbin karatun likita a Rasha. Yarinyar tana da gashin da in an tsefe yana sauka har gadon baya, irin na mahaifiyarta Judith sak. Judith kuwa, kwana biyu kafin ta rasu, ta kama hannun Maman Tagwai a gadon asibiti ta ce, "Kan yarinyar nan na bar miki. Kada almakashi ya taɓa shi." Dorcas tana shekara tara lokacin. Tun daga ranar, duk Asabar ta biyu tana kan buhun nan, kuma wannan alkawari shi ne abin da Maman Tagwai ta fi tsoron karyawa a duniya.

Ana cikin murnar tafiya sai Sista Juliana, nas ɗin da ta yi kwas na shekara guda a Ingila, ta zo gindin mangwaron taya murna. Ta dubi kan Dorcas ta girgiza nata.

"Ku aske shi tun a nan," in ji ta. "Can babu mai kitso, kuma hular sanyi ba ta barin kai sai barci."

"Ke da kika je, ga naki nan luf-luf," in ji Maman Tagwai.

Sista Juliana ta waiga hagu da dama, ta kama gashin nata ta ɗaga shi sama gaba ɗaya. Ashe na kanti ne. A ƙarƙashi, goshi ya ci gaba da tafiya har kusan tsakiyar kai. Matan da ke layi suka ce "Yesu!" a tare, wata ta saki gyaɗar da take ɓarewa.

"Wannan na Ingila ne ma," in ji Sista tana mayar da shi. "Na Rasha kuwa, ki ɗauka an tura ki ɗakin sanyin kifin Oga Sunday na kasuwa an rufe ƙofa wata biyar."

Samuel, da ya ji labari, bai ɓata lokaci ba. Ya zo da yamma da sabon almakashi a aljihun rigar aiki, hannayensa shuɗi da rini. "Maman Tagwai, karatu za ta, ba gasar kyau ba. Gara ki yanke da hannunki, ya fi a ce ya zube a ƙasar mutane." Yana faɗa yana kallon mangwaro, domin shi ma ba ya iya duban gashin nan bai tuna matarsa ba. Dorcas tana gefe, hawaye na bin kumatu.

Maman Tagwai ba ta taɓa wuce Jos ba, ƙanƙara kuwa sai wadda ake sa wa lemo. Amma ta karɓi almakashin ta zauna a kansa. "Baban Dorcas, ba ni mako uku. In na kasa, ni zan yanke, in je kabarin Judith in ba ta haƙuri."

Washegari ta tafi wurin 'yan gwanjo ta sayo hular ulu ja mai tuntu a ka, da wata tsohuwar kwat da za ta ɗauki mutum biyu. Ta yi wa Dorcas kitso, ta ja ta zuwa ɗakin sanyin Oga Sunday, mutumin Binuwai mai sayar da kifin kwali a bakin kasuwa. Abin da Sista ta faɗa don ta tsorata mutane, ita ta ɗauke shi wurin gwaji.

"Mama, abeg, nan wurin kifi ne fa, ba salun ba," in ji Oga Sunday.

"Kifin ya ce ba ya son baƙi? Buɗe mana, ɗana. Minti ashirin."

"In kuka daskare fa, me zan gaya wa polis?"

"Ka ce sabon kaya ne ya iso."

Ya buɗe. Suka zauna a kan kwalayen kifi, Dorcas cikin kwat da jar hula, Maman Tagwai da zane uku da safar mijinta a hannu. Da suka fito haƙoransu na kaɗawa, ta taɓa jelar kitson da ke leƙowa ƙarƙashin hula, ta ji ta sandare kamar tsinken tsintsiya. Ta saba yayyafa ruwa tana kitso don gashi ya yi laushi, ruwan ne ya daskare. Ta lanƙwasa jela ɗaya, 'yan silin gashi suka karye a hannunta. Ta dawo gida ranta a ɓace, amma da darasi biyu: ba a fita da jiƙaƙƙen kai, kuma ba a barin jela a waje.

Zuwa na biyu ta manta gwangwanin man kaɗanya a kan kwali. Da aka ɗauko shi, kibiya ma ta kasa huda shi. Nan take ta kafa doka cewa Dorcas ta riƙa ɗumama man a hammata kafin ta shafa. Dorcas ta ce, "Mama, a gaban Turawa?" Maman Tagwai ta ce, "Su ba su da hammata ne?"

Mako guda ana haka, Kakuri ta samu abin magana. Dorcas na yawo da jar hular ulu da tsakar rana, domin an hana ta cirewa sai barci, tsofaffi na tare ta suna tambayar ko zazzaɓi ne. Ranar Lahadi mawaƙan coci suka bar mata benci guda ita kaɗai saboda ƙarnin kifi. Oga Sunday kuwa ya daina gunaguni, don mata sun fara taruwa kallon masu shiga ɗakin sanyi, kuma wadda ta zo kallo ba ta komawa babu kifi.

Duk da haka gashin bai daina karyewa ba. Kowace yamma Maman Tagwai na juya hular ta duba cikinta, ta tarar da gutsattsarin gashi maƙale a ulu, yawanci daga gefen goshi. Ta sassauta kitson, ta canza tsaga, ta ƙara mai, a banza. Saura kwana shida, almakashi na nan ƙarƙashin kujera, ita kuma ta daina cin abinci sosai. Ran nan tana zaune da hular a hannu, ta goga ta a bayan hannunta ba da niyya ba, ta ji kaushi. Ta sake gogawa. Sai ta miƙe tsaye ta ɗaga hular sama kamar ta kama ɓera.

"Ashe ba sanyin ba ne! Wannan jar munafukar ce ke shan man, tana gurzar gashin!"

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta ciro ɗankwalin silikin da ta yi aure da shi, wanda ko 'yan biyunta ba ta bari su taɓa. Ta ɗauko almakashin Samuel ta raba shi biyu, ta ɗinke rabi a cikin hular, rabi ta ce na kwanciya ne. Wannan shi ne aikin da almakashin ya yi a gidan, bai ƙara wani ba. Ta yi wa Dorcas kitso takwas manya, duka baya, a kwance, ba ja ba ɗaurewa, ta naɗe jelar ta cusa a ƙeya. Bayan kwana uku aka juya hula, babu ko sili ɗaya.

Saura matsalar wa zai yi kitson a can. Kwana ukun ƙarshe ta mayar da Dorcas ɗakin kifi, babu madubi, ta ce ta tsefe ta kitse kanta da yatsun da sanyi ya kama. Duk tsagar da ta karkace, bayan matsefi na nan. Oga Sunday ya rantse yana jin ƙarar daga waje.

Ke ce, Maman Tagwai, kika yi wa sanyin ƙasar da ba ki san inda take a taswira ba shiri daga bayan kasuwar Kakuri. Ke ce uwar kawunan unguwa, mai faɗa da baki, mai tausayi da yatsu. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, amma wasiƙun Dorcas sun ce 'yan matan Gana da Habasha da Kwango na layi a ɗakinta ranar Asabar, kowace da hularta da tsohon ɗankwali, suna koyon abin da suke kira kitson Kaduna. Da aka karanta miki, cewa kika yi, "To, su dai kada su ja gefen goshi."

A watan jiya Dorcas ta dawo, likita. Kafin ta je ko'ina ta zo gindin mangwaro, da jar hular nan a ka, a zafin Kaduna, tuntun ya tsinke, launin ya koɗe. Mata suka kewaye ta, har da Sista Juliana. Ta cire hular, ta warware jelar, gashi ya sauko ya wuce inda ya tsaya da. Samuel ya juya baya yana share ido da hannun riga. Maman Tagwai ta matso ta duba kan tsaf, ta ce, "Tsagar nan ta uku ta karkace."

Sai dai da ta kai hannu za ta gyara, yatsun suka ƙi. Dorcas ta kama su ta duba gaɓoɓin da suka kumbura, sannan ta dubi ɗankwalin da ke ɗaure tam a kan tsohuwar.

"Mama, wa ke yi miki kitso?"

Shekara guda ke nan tsohuwar ba ta iya kitsa kanta, girman kai kuma ya hana ta zama a buhun wata. Ba wanda ya lura a cikinmu, mu da muka yi shekaru muna miƙa mata kawunanmu, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata mu faɗa.

Dorcas ta hau 'yar kujerar ta nuna buhu. "Zauna, Mama." Tsohuwa ta yi gardama, ta ce ita ba yarinya ba ce, ta zauna. Aka kwance ɗankwali, furfura ta fito a cukurkuɗe. Dorcas ta ɗumama man kaɗanya a tafin hannu, ta dafa kan a hankali, ta ce, "Me za ki ɗora a kansa?"

Maman Tagwai ta ce, "Ba komai, 'yata. Yau ba zan ɗora komai ba. Bari Kakuri ta gani." Da aka gama, ta zaga kasuwa kai a buɗe, ta tsaya a ƙofar Oga Sunday har sai da ya fito ya yaba.

Mun gode, Maman Tagwai. Ubangiji ya sa albarka a yatsun nan da suka cika wa Judith alkawari, ya ba su sauƙi. Masu sana'a, ku koyi tambayar abin da aikinku zai ɗauka kafin ku fara shi. Mu kuma sauran, kowa ya duba kan wanda ya daɗe yana gyara masa nasa. Dorcas ta ɗauki Asabar ta biyun kowane wata don yi wa Maman Tagwai kitso, sauran Asabar ɗin suna nan ga mai so, amma ki zo da shiri, matsefin yana hannun mai shi.