Kwabbai Biyun da Dakta Insaf Ta Bari a Faranti

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Janairu, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Dakta Insaf Abdul-Mu'uɗi a wani asibiti da ke nan Iskandariyya, bayan jinyar ciwon hanta. An yi mata sutura a maƙabartar Amud ana yayyafi. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, ga abin da na samu na sa a ranar: "Ruwan sama. Dakta ta rasu. Jirgin cikin gari ya makara." Ban ƙara komai ba. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Sunana Mitwalli Gad. Ni ke yin kwafin tsofaffin kuɗi a ma'ajin kayan tarihi inda Dakta ta yi aiki. Abokan aiki suka ce ni zan rubuta wannan ta'aziyya. Na ce musu akwai masu digiri, ni sakandare na gama. Suka ce ni na zauna da ita ɗaki ɗaya shekara da shekaru. Wannan gaskiya ne, shi ya sa na karɓa.

Dakta, ranar da aka fara kawo ni ɗakinki kin ɗora mini wani ƙaton kwabon tagulla a tafin hannu, ya yi kore, nauyinsa kamar dutsen awo. Gefe ɗaya kan wani gunki mai gemu da ƙahon rago, ɗaya gefen gaggafa. Kika ce sarakunan Girkawa zuriyar Batlamus ne suka buga shi, kuma wata mata ta taɓa sayen gurasa da shi a garin nan. Kika nuna mini yadda ake yi: maƙeri ya sassaƙa hoton a kan guntun ƙarfe, wato hatimi, a ɗora tagulla, a buga da guduma. Hatimi yana buga dubbai kafin ya fashe a sassaƙa wani. Da hannu ake sassaƙawa, saboda haka babu biyun da suke daidai. Wani ya ƙara gashi ɗaya a gemu, wani ya karkata ƙahon. Aikinmu mu gano kwabban da suka fito daga hatimi ɗaya. In mun san yawan hatiman, sai ki ƙiyasta yawan kuɗin da aka buga. Kullum kikan ce ƙiyasi ne, kada wanda ya rantse a kansa.

Ni nawa shi ne in danna kwabo a kan yumɓu mai laushi, in zuba farar hodar nan da asibiti ke ɗaurin karaya da ita, in fitar da farin kwafi. Tsatsa tana ruɗar ido, farin kwafi ba ya ruɗarwa. Da safe kawai muke dubawa, lokacin da hasken taga ke shigowa ta gefe.

Kina da doka ɗaya da ban taɓa ganin kin karya ba. Ba a yarda kwabbai biyu hatiminsu ɗaya ba sai mutum biyu sun duba, kowa shi kaɗai, kuma wanda ya fara gani ba ya faɗa. Kin ce da zarar kunne ya ji, ido ya daina aiki. Mukan zauna baya da baya, ke kina fuskantar taga, ni ina fuskantar bango, sannan mu yi musaya. Sai kowa ya gama ake buɗe baki. In mun saɓa, a sa kwafin biyu a wani tsohon farantin shayi mai tsaga, su jira wata safiya.

Ni ba na saurin yanke hukunci. Sai in ce, "Wataƙila ɗaya ne, ranki ya daɗe." Daga nan kika raɗa mini Ustaz Wataƙila, har masu gadi suka ɗauka. Wata rana kika ce, "Ustaz Wataƙila, ranar ɗaurin aurenka ma haka ka ce wa liman?" Amma ba ki taɓa matsa mini in ce na ga abin da ban gani ba. Da aka buga binciken farko, na nemi sunana a ƙasa wajen godiya ban samu ba. Sai daga baya na gan shi a sama, kusa da naki. Na ce kuskure aka yi. Kika ce, "Ido huɗu suka yi aikin, Mitwalli. Kana so in rubuta cewa huɗu gare ni?"

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta, kin riƙa zuwa gidanmu a unguwar Bakus da miyar ƙananan waken nan, adas, a kwano, ki zauna ku yi ta zagin farashin kifi. Mahaifiyata ta rasu tana zaton ke malamar jinya ce. Ba ki gyara mata ba.

Aikinmu na ƙarshe wata tukunya ce da manoma suka tono a wani ƙauye, cike da kwabban tagulla. A ciki akwai iri biyu da masana suka daɗe suna cewa a garuruwa biyu daban aka buga su. Ke kin daɗe kina zargin maƙera ɗaya ce ta buga duka, ba ki dai samu shaida ba. In aka samu kwabo daga wannan iri da kwabo daga wancan da hatimi ɗaya, magana ta ƙare, kuma duk ƙiyasin sai an sake shi. A makonki na ƙarshe a ofis kin daɗe a kan wasu kwafi biyu. Kika ajiye madubin ƙara girma, kika sa su a faranti, kika ce, "Na duba. Saura kai." Na tambaye ki me ya sa suka shiga faranti tun ban gani ba. Kika ce, "Saboda ina son su zama ɗaya. Wanda yake so, idonsa ba shaida ba ne."

Ban duba ba. Na san abin da kike so, na kuma san ina so ki samu. Na ji tsoron in ga ɗaya don ke. Na ji tsoron kuma in ga biyu don kawai in nuna ban bi son ranki ba. Kowace safiya sai in sami wani aikin.

Da na je gaishe ki a asibiti, mijinki Ustaz Fikri yana zaune yana ɓare lemo. Kin rame ƙwarai. Ban gama gaisuwa ba kika ce, "Ka duba?"

Na ce, "Ban duba ba tukuna. Ranki ya daɗe, ki faɗa mini abin da kika gani. Sau ɗaya dai."

Ustaz Fikri ya ce, "Haba Insaf, ki faɗa masa mana. Dubi fuskarsa, wannan sai ya riga ki tafiya."

Kika ce, "Kai yi mana shiru, Fikri. Mutumin da bai iya haɗa safarsa biyu ba." Kika juyo gare ni kika ce, "Je ka duba da safe, ka dawo mu buɗe baki tare."

Ban koma a kan lokaci ba. Abin da kika gani ya tafi tare da ke. Ustaz Fikri ya ce shi ma ba ki faɗa masa ba, kin ce bakinsa ba ya riƙe magana.

Masu buga littafin da muke yi a kan tukunyar nan suna jiran babi na ƙarshe. Sun ce ai kowa ya san ra'ayinki, in rubuta ɗaya ne a rufe. Da zai fi mini sauƙi, kuma da ya yi kama da girmamawa. Amma ban ga yadda zan rufe aikinki da abin da kika hana ba.

Jiya da safe na buɗe ɗakin. Rigar sanyinki tana nan a bayan kujera. Na ɗauko farantin, na zauna a wurinki don nan haske yake. Na bi gemun gashi bayan gashi, na bi ƙahon, na bi gefen ido. Na ajiye, na sha shayi, na sake dubawa. Abu ɗaya na gani sau biyun, kuma ban ji kalmar wataƙila ta zo mini ba.

Na duba, Dakta. Ba zan rubuta abin da na gani a nan ba, ban ma sa shi a littafina ba. Tsohon ɗalibinki Dakta Yusri zai zo daga Alƙahira bayan addu'ar arba'in, kuma na san zai karanta wannan. Zan ba shi kujerar taga, ni in fuskanci bango. In mun dace, littafin zai faɗa. In mun saɓa, zan gaya wa masu bugawa su rubuta cewa ba a tabbatar ba, ko da hakan zai bar maganarki ba shaida. Kwafin biyu na mayar da su faranti.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ustaz Fikri, da 'yarsu Rabab, da 'yan'uwanta na garin Damanhur, da ɗalibanta duka. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma, in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Mitwalli Gad
Iskandariyya