Jan Fenti a Bakin Buhu

Buhu shida na masara, da sana'ar wata Hajiya mai tuwo a Gyallesu, da cikin duk wanda zai ci tuwon nata. Abin da na kusa salwantarwa ke nan bara, kuma ina bisa mashin ina neman injin da ta kai niƙa, ba abin da nake ji a kunnena sai muryar kakata, Iya Abu.

Muna yara a Tudun Wada, bayan sallar isha'i takan zaunar da mu gaban murhu tana soya gyaɗa. Ba ta fara magana sai kowa ya yi tsit. Wani dare ta ba mu labarin garin da akuya ta faɗa rijiyarsu ta ruɓe. Mai unguwa ya sa aka ƙulla kaba a bakin rijiyar, domin a garin nan ƙullin kaba na nufin kada a sha. Sai ga baƙo da 'yarsa, ƙishi ya galabaitar da su. Su kuwa a garinsu, rijiyar da aka yashe aka bar wa matafiya sadaka ita ake ƙulla wa kaba. Ya yi hamdala, ya zura guga, ya fara miƙa wa yarinyar.

Nan Iya ta tsaya, ta ci gaba da juya gyaɗarta. Muka roƙa ta ƙarasa, ta ce sai mun faɗi mai laifi. Yayana ya ce baƙon ne, ni na ce kabar ce.

"Kai Sani, kaba ta san akuya?" in ji ta. "Ganye ne kawai. Mutane suka zauna suka ce ga abin da take nufi. Baƙon yana wurin da suka zauna?"

Ba ta taɓa gaya mana ko yarinyar ta sha ba.

Yau hatsi nake sayarwa. A sitona, buhun da aka zuba wa maganin ƙwari jan fenti muke shafa masa, ba a ci sai ya yi watanni. Sabon direbana, Malam Iliya, inda ya baro jan fenti na nufin an sayar, a loda. Ya loda kuwa, ya kai wa Hajiya buhu shida masu jan fenti. Shekara ashirin ina shafa fentin nan, har na ɗauka ja da kansa ke faɗin haɗari.

Na iske Hajiya an niƙe buhu biyu, ba a ɗora tukunya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Alhaji, kwashe kayanka."

Ban kori Iliya ba, don ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ma'anar fentin ba. Na binne garin buhu biyu, huɗu suka koma sito, Hajiya ba ta sake sayen ko mudu a wurina ba. Amma ba wanda ya ci ko loma.